Jawabi A Kan Kayan Soja Da Wanda Biyansu Ke Kansa

Sau da yawa akan zo wa hakimai da kuka, a ce wane yana aikin soja amma an yanke masa albashi saboda bargo ko takalmi, har kuɗin da ya saba aiko wa iyayensa sun ragu. Ya kamata hakimai da malamansu su san tushen wannan al'amari, domin wurinsu talakawa ke neman bayani.

Ran da kurtu ya shiga bariki, kamar ta Zariya inda ake horon sababbin soja, kwatamasta yakan ƙirga masa kayansa ɗaya bayan ɗaya: kaki, takalma, bargo, gorar ruwa, gidan sauro. Akan rubuta su, shi kuwa ya sa hannu. Bindiga kuma tana da lambarta, an san wadda ke hannun kowa. Duk kayan nan na Gwamnati ne, da kuɗin jama'a aka saye su, soja ajiya kurum aka ba shi.

To, alkalai sun san hukuncin ajiya tun da daɗewa, watau wanda aka ba amana ba ya ranko sai in ya yi sakaci. Dokar soja ma kusan a kan wannan turba take. Asalinta dokar sojan Ingila ce ta 1955, wadda aka yi koyi da ita wajen tsara ta Nijeriya a 1960. A 1993 aka haɗa dokokin mayaƙan ƙasa da na ruwa da na sama suka zama ɗaya.

In kaya sun tsufa don aiki, ko sun salwanta a fagen fama, ko kogi ya tafi da su alhali mai su ya yi iyakar ƙoƙarinsa, hasarar ta Gwamnati ce. Dokar ta yarda wanda ake tuhuma ya kare kansa da cewa ya kula da kayan yadda ya kamata. In abin babba ne, kamar mota ko bindiga, akan naɗa hafsoshi su bi diddigi, su ji shaidu tukuna.

Amma wanda ya jingine bindigarsa a gindin itace ya tafi hira, ko direban da ya ƙi duba mai har injin ya ƙone, wannan sakaci ne. Shugabansa ko kotun soja na iya yanke masa biya. Ba a wuce ƙimar abin da ya ɓace, kuma daga albashi ake cirewa, ana bar masa abin da zai riƙe kansa. Wannan shi ne yankan da iyaye ke kuka da shi. Da ciwo kam, amma in ba haka ba, wanda ya adana nasa da wanda ya wofintar sun zama ɗaya.

Mafi muni shi ne soja ya sayar da kayan, ko ya ba da su jingina. Nan magana ta wuce ta biya, kotun soja na iya ɗaure shi har shekara 2. Batun harsashi da bindiga kuwa ya fi haka nauyi ƙwarai, don abin da ya fita daga sito yakan ƙare a hannun 'yan fashi.

Nan ne abin ya shafi ƙasar hakimi. Farar hular da ya sayi kayan soja, ko ya karɓe su jingina, yana sane da ko na wane ne, shi ma ya taka doka, arahar da ya samu kuwa ba za ta cece shi ba. Lalle a gargaɗi dagatai da sarakunan kasuwa da dillalai. In aka tsinci irin kayan nan a daji ko a kasuwa, malamin hakimi ya rubuta ranar, da wurin, da sunan wanda ya kawo, da lambar da ke jiki in akwai, sa'an nan a miƙa su ga 'yan sanda ko bariki mafi kusa, a karɓo takardar shaida a ajiye a ofis.