Tsohuwar tiriko da hannun ƴan lekol



Maganar da munka zo da ita yau ta ɗari ce. Daga Disamba zuwa Janairu iskar hunturu takan taso daga gabas maso arewa, asuba ta yi sanyi har ma'auni ya sauka ƙasa da digiri 15. Lekol kuwa ƙarfe 8 ake shiga. Mu malamai muna ganin abin da ɗarin ke yi. Yaro ya taho daga nesa, ya zauna cikin aji na zana, yatsunsa sun sandare, alli na faɗuwa daga hannunsa. Awa ta farko ta wuce bai rubuta komi kan allo ba. Haka mai ban ruwan albasa a garka yake fama, haka ɗan kabu-kabu, haka tsoho mai jan tasbaha bayan sallar asuba.

Maganin yana cikin tsummokaranmu, wato tsohuwar tiriko ta ulu wadda ta huje anka jefar. Hannunta, in an yanke shi, yana zama safar wuyan hannu: tana rufe tafi da wuyan hannu, yatsu na waje suna aiki. A wuyan hannu jijiyoyin jini ke kusa da fata, shi ya sa likita ke taɓa wurin in yana son jin bugun zuciya. In wurin ya yi ɗumi, yatsu ba su saurin sandarewa.

Ulu ba abin yar da wa ba ne. Tumakinmu uda da balami gashi gare su, ba ulu ba, sai irin Kundum na bakin kogi wajen Tilaberi da na Masina a Mali. Wanda ke jikinmu galibi ya zo ne cikin dilolin bosho daga Turai. Zarensa murɗaɗɗe ne, yana riƙe iska, iskar nan ce ke tsare ɗumin jiki. Kuma yana shan laima kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa ba a ji shi jiƙe ba.

Amma ba kowace tiriko ce ulu ba, da yawa zaren roba ne. Ga gwaji: a zare ɗan zare, a kai shi bakin ashana. Ulu yana warin ƙonannen gashi, ya mutu da kansa, tokarsa ta marmashe tsakanin yatsu. Roba tana narkewa, ta dunƙule da tauri. Mu kiyaye wannan da kyau, domin ɗiyanmu suna miƙa hannu ga wuta wajen jin ɗumi, roba kuwa in ta narke mannewa take ga fata. Ta roba a yi hula da ita ga manya, kada a sa ta ga hannun yaro.

Ga yadda ake aikin. Da farko a wanke tirikon da ruwan zafi da sabulu, a cuɗa ta sosai, a ɗauraye da ruwan sanyi, a shimfiɗa ta ta bushe. Za ta tsuke, ta yi kauri, zaren ya sarƙe da juna, ko an sa almakashi ba ta warwarewa. Ruwan zafin kuma yana kashe ƙwarƙwata. Sannan a yanke hannun rigar, tsawon taki ɗaya, wajen santimita 20 ga babba, 14 ga yaro. Bakin hannun rigar mai tsukewa ya kasance wajen yatsu. A gefe a tsaga ƙofar babban yatsa, kamar santimita 4, a bi bakinta da allura da zare. A naɗe ɗaya bakin a ɗinke. Hannuwa biyu na tirikon babban mutum suna ba da safa ta yara biyu, in an rage faɗin na sama. Jikin rigar kuma ya zama hula ko safar ƙafa ta jariri.

In zafi ya shigo cikin Maris, a wanke su, a busar, a ɗaure cikin jaka da busasshen ganyen bedi, domin asu ya fi son ulu mai datti.

To ga roƙonmu. Ƴan uwa da ke Yamai, Kano, Lome da Abijan, kada ku yar da tsofaffin tirikonku. Ku tara su, ku aiko da su hannun mai zuwa gida kafin ƙarshen Oktoba. Iyayenmu mata su zaɓi yammaci ɗaya a mako, mu kuma mu kawo ƴan mata na manyan azuzuwa su koyi ɗinkin. Wajen rabo a fara da ƙananan yara masu tahowa daga nesa, sannan tsofaffi, sannan masu aikin garka. Ba mu nemi ko dala ga kowa ba, allura da zare da almakashi akwai su cikin kowane gida. Iyayenmu sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Allah ya kai mu hunturu lafiya, ya maido da matafiyanmu gida da alheri.