Hasken Dare da Rajistar Malami: Jawabi a Taron Reshen Kura



Maganarmu ta yau a kan wata hanya ce da masana ke bi don sanin halin da 'yan gudun hijira suke ciki, wato nazarin hotunan da tauraron ɗan'adam ke ɗauka da dare. A watan Oktoba na 2011 Amurka ta harba tauraron Suomi NPP, mai ɗauke da na'urar VIIRS da ke auna hasken da ke tashi daga doron ƙasa. Yakan ratsa ta samanmu wajen ƙarfe ɗaya da rabi na dare. Idan aka jera hotunan watanni, sai a ga inda haske ya ƙaru da inda ya dushe. Babban sansani irin Za'atari na ƙasar Jodan, wanda ya samu tashar lantarki mai aiki da hasken rana a 2017, ana iya bibiyar wutarsa ta wannan hanya ba tare da an taka ƙafa can ba.

Amma na'urar tana da iyaka. Kowane ɗigo a hoton ya haɗiye fili mai faɗin fiye da rabin kilomita, don haka aci-balbal da tocila ba sa fitowa. Gajimare kan rufe mata ido. Lokacin da take wucewa kuma yara sun daɗe da barci.

Mu dubi maƙwabtanmu. Tun 2019 dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsere wa 'yan bindiga zuwa jihar Maraɗi. Yawancinsu ƙauyukan kan iyaka ne suka karɓe su, daga baya hukumar UNHCR ta mayar da wasu Garin Kaka da Cadakori. Ƙauyen da dama ba shi da lantarki, ko jama'arsa ta ninka, duhu zai ci gaba da nunawa a taswira.

Nan ne aikinmu ya shigo. Ruwan madatsar Tiga ya sa Kura da Bunkure da Garun Malam suna jawo masu neman ƙwadago a gonakin shinkafa da alkama da tumatir. Iyalin da rikici ya koro, idan suka sauka a cikinmu, zaure ko kango za su samu, ba sansani ba. Malamin da ya ga baƙon yaro a bakin kwalbati lokacin darasi shi ne zai fara sanin zuwansu.

Saboda haka muna roƙon kowane shugaban makaranta ya karɓi irin wannan yaro ko ba shi da takardar canjin makaranta, ya sa sunansa a rajista, ya sanar da mai unguwa da ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Iyaye kuma, idan kun yi baƙi masu yara, ku rako su makaranta ranar Litinin.