Sakin Abin da Kwanansa Ya Ƙare

Batunmu na yau shi ne sakin abin da kwanansa ya ƙare.

Mutanen ƙasar Sin na dā suna da wani littafin duba mai suna I Cin, wato Littafin Sauye-sauye, wanda asalinsa ya kusa shekara 3,000. Alamu 64 ne a cikinsa. Ta 63 tana nufin an gama, ta 64 kuwa, wadda ta rufe littafin, tana nufin ba a gama ba tukuna. Manufarsu ita ce, kowane ƙarshe mafarin wani abu ne. Mu masu bi ba mu zuwa duba, ko na Sin ko bugun ƙasa, gama Maganar Allah ta hana mu. Amma abin da suka lura da shi, a nan gida ma muna ganinsa.

Ku dubi gidajen ƙasa na unguwar Sheshe, cikin birnin Kano. In damina ta rushe soro, magina sukan kwaɓa tsohuwar ƙasar su buga sabon tubali. Wanda kuwa ya hana a taɓa tsagaggen bango don kakansa ne ya gina, wata rana bangon zai faɗa wa 'ya'yansa.

A birnin nan dai, Tarihin Sarakunan Kano ya ba da labarin Sarki Umaru ɗan Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1410 zuwa 1421. Abokinsa Abubakar ya yi masa wa'azi a kan ruɗin duniya, sai ya tara jama'a ya sauka da kansa, ɗan'uwansa Dauda ya hau.

A littafin Sama'ila na fari, sura 16, annabi Sama'ila yana baƙin ciki saboda sarki Saul, wanda shi da hannunsa ya zuba wa mai. Ubangiji ya nuna masa baƙin cikin ya isa haka nan, ya aike shi Baitalami. Da ya zauna yana kuka, da bai shafe Dawuda ba.

Mu fa, me muka ƙanƙame? Wani dattijon ikilisiya ne, ƙarfi ya tafi amma ya ƙi ba matasa wuri. Wani kasuwarsa ta karye, yana ta cin bashi don kada a sani. Wata ta aurar da 'yarta, amma har yau ita ke juya gidan. Kuka ba zunubi ba ne, Yesu ma ya yi hawaye a kabarin Li'azaru. Sai dai hannun da ke dunƙule ba ya karɓar kyauta. Ba kuwa ga iska muke saki ba, ga Uba muke miƙawa, shi wanda ya ta da Ɗansa a rana ta uku.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka buɗe hannuwanmu, ka karɓi abin da ya ƙare, ka bishe mu zuwa ga abin da ka shirya. Cikin sunan Yesu, amin.