Mota Iri Ɗaya, Aljihu Daban-Daban

Yau tseren mota za mu taɓa, amma a matakin farko, inda yara ke soma neman hanyar shiga Formula 1.

A 2014 hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta ɓullo da gasar Formula 4, wadda ɗan shekara 15 zai iya shiga. Ƙa'idar ita ce kowa ya tuƙa mota iri ɗaya. A gasar Italiya, misali, gangar jikin motar ta kamfanin Tatuus ce, injin kuma na Abarth. Manufar dai a rage kashe kuɗi, a bar gwaninta ta yi halinta.

To amma fa kuɗin bai tafi ko'ina ba, wuri kawai ya sauya. Mai hali zai sayi kwanakin atisaye masu yawa da sababbin tayoyi, ya shiga ƙungiya mai gogaggun injiniyoyi. In ya yi karo a gyara masa, ko a jikinsa. Ɗan talaka kuwa yana tuƙi yana lissafin kuɗin gyara. Ta yaya zai yi kasadar wuce wani a kwana?

Wanda ya fara cin gasar Italiya a 2014 Lance Stroll ne, ɗan attajirin nan Lawrence Stroll. Ban ce bai iya tuƙi ba. Amma Esteban Ocon na Faransa, sai da iyayensa suka sayar da gidansu tun yana tseren ƙananan motocin yara.

An taɓa gwada wata hanya. Gasar mata zalla ta W Series da aka fara a 2019 ba ta karɓar kuɗin shiga daga direbobi, kuma a shekarar farko har musayar motoci ake yi musu daga tsere zuwa tsere. Sai dai a 2022 rashin kuɗi ya sa aka katse kakar, daga nan ba ta sake tashi ba. Kun ga shi ma adalcin sai da mai ɗaukar nauyinsa.

Ni dai ra'ayina, a ƙayyade kwanakin atisaye da yawan tayoyi, a kuma buɗe bayanan tuƙin wanda ya fi gudu kowa ya gani ya koya. In ba haka ba, motocin ne kawai iri ɗaya.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.