Fiɗiyar karnuka da jinyarsu: laccar da aka gabatar a Matamaye

Iyayena sarakuna, malamai, ma'aikatan kiwo da mafarauta, na gode da kuka zo, ko da yake na ga wasu sun yamutsa fuska da jin cewa a kan kare za mu zauna.

Mu Hausawa mun san fiɗiya. Muna dandaƙe bunsuru ya zama taure, muna fiɗiye sa don ya yi ƙiba ko ya ja garma. Kare ne kawai muka bar wa Allah, alhali karya kan nemi namiji kamar sau biyu a shekara, cikinta kwana 63 ne, ta zubo biyar ko shida. Mai gida ya ɗauki ɗaya, sauran kuwa yara su kai su bayan gari su yar. Waɗanda suka rayu su ne kuke gani a mahauta da bola, su ne ke bin hanyar kan iyaka ta Ɗan Barto babu mai tambayarsu takarda. Ta bakinsu haukan kare ke shigo mana gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin 10 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15.

Da abu ya yi tsanani sai a ce a zuba guba. Ni ban yarda da wannan ba. Gubar takan kashe karen gadi da ungulu, sannan bayan ƴan watanni wasu karnukan su cike gurbin, tunda bolar tana nan.

Fiɗiyar namiji aiki ne ƙarami: likitan dabbobi ya yi masa allurar barci, ya tsaga, ya cire ƴaƴan maraina, ya ɗinke. Ta mace ta fi nauyi, domin ciki ake buɗewa a cire mahaifa da ƙwayayenta. Kada wani ya gwada da aska a zaure, ko ya ɗaure marainan kare da roba. Fiɗiyayyen kare yana rage yawo da faɗa a kan mace, yana tsira daga tsiron nan mai zubar jini da suke ɗauka wajen barbara, macen kuma ta tsira daga mugunyar mahaifa. Mafarauta, hancinsa da gudunsa ba a marainansa suke ba.

Inda muke faɗuwa shi ne bayan aikin. Na taɓa ganin karya da aka yi wa aiki mai kyau, mai ita ya sake ta washegari, ta ciji zaren, kwana uku ƙuda ya yi ƙwai a ciwon, tsutsa ta kama. Laifin ba na likita ba ne. Kwana 10 zuwa 14 ake so a tsare dabba a inuwa, kan buhu mai tsabta, nesa da rairayi da ruwan kwata. Ba wanka, ba farauta. A hana ta lasar wurin. In babu abin wuya na kanti, a huda gindin tsohon bokitin roba a sa mata, ya wadatar. A daren farko ruwa da ɗan abinci kaɗan, don maganin barci kan sa amai. Kowace safiya a duba ɗinkin: kumburi, wari, jini ko ƙin cin abinci sama da yini guda, a koma wurin likita. Kada a zuba toka, kashin shanu ko baƙin mai. Kada kuma a ba kare ibuprofen ko wani maganin ciwon jiki na mai tebur, yana iya lalata masa ciki da ƙoda.

Fiɗiya dai ba ta hana haukan kare, allura ce ke hanawa, kuma sai an yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari kafin cutar ta yanke. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, ya nufi asibiti a ranar.

Ranar 28 ga Satumba, ranar da masanin kimiyya Louis Pasteur ya rasu a 1895, duniya ta keɓe ta don yaƙi da wannan cuta. Ina roƙon magajin gari da ma'aikatar kiwo ta Kance su sa mana ita ranar allura da fiɗiya, Sarkin Dawa, shugaban mafarauta, kuma ya fara kawo nasa karnukan.