Tartibin Binciken Kwamfutar Tebur da Ta Ƙi Tashi



Mas'alar da aka ɗora mini in yi bayani a kanta ita ce ta kwamfutar tebur wadda aka danna mata maɓalli ta ƙi tashi, kuma abin da ya sa na ga ta cancanci a zauna a kanta shi ne yadda wasu masu gyara, da zarar an dire musu akwatin a gaba, tun ba su kwance noti ko ɗaya ba, sai ka ji sun ce wa mai shi: "Alhaji, ai bod ne ya ƙone." Bod kuwa, wato babban allon da dukkan sassa ke zaune a kansa, yana cikin abubuwa mafi tsada a akwatin, saboda haka wanda ya yanke masa hukunci ba da hujja ba ya yi daidai da alƙalin da ya ɗaure mutum bai ji shaidu ba, kuma asarar a kan dukiyar bawan Allah za ta faɗa.

Wajibi na farko shi ne a tambayi mai ita abin da yake nufi da ƙin tashi, domin akwai wadda ba ta ko motsi, babu fitila babu ƙarar fanka, akwai wadda fankokinta ke juyawa amma fuskar monita baƙi ƙirin, akwai kuma wadda takan nuna tambarin kamfaninta sa'an nan ta tsaya cak, kuma kowacce da sababinta. A kuma tambaye shi abin da ya auku kafin nan: shin an kawo wuta da ƙarfi, ko an yi tsawa, ko an ɗauke ta daga wani ɗaki zuwa wani?

Wadda ba ta motsi, sai a bi hanyar da wuta ke bi, a faro daga bango. A jarraba soket da wani abu, a canza waya, a duba fis ɗin da ke cikin filogi, a ga ko maɓallin bayan akwati a kunne yake. A nan akwai wata musiba da ta keɓanci kwamfutocin gwanjo da ake shigo mana da su daga Amurka, inda wutar gida bolt 120 ce, alhali tamu 230: tsofaffin cikinsu suna da wani ɗan jan maɓalli a baya mai rubutu 115 da 230, kuma idan aka jona ta yana kan 115, sai dai a ji ƙara a ga hayaƙi. Wannan ganganci ne da duba ɗaya ke kawar da shi, ina kuma roƙon duk mai sayar da irinsu ya gyara maɓallin tun kayan ba su bar shagonsa ba.

Idan waje ya kuɓuta daga tuhuma, sai a shiga wurin fawa fak, akwatin da ke mai da wutar bango ƙananan wutar da sassa ke sha. Tun da kamfanin Intel ya fitar da tsarin ATX a 1995, launin wayoyinsa ya zama sananne: rawaya bolt 12, ja 5, ruwan lemo 3.3, baƙa kuwa ita ce ta ƙasa. Akwai kuma koriya guda ɗaya tak a cikin babban filogi mai ƙafa 24, ko 20 a tsofaffi, wadda ita ce bod ke ba da umarnin tashi ta kanta. Don haka idan aka zare filogin daga bod, aka lanƙwasa guntun waya aka haɗa koriyar da kowace baƙa, fankar fawa fak mai rai za ta juya. Amma juyawar fanka zato kawai take bayarwa, ba yaƙini ba, sai an sa mita an auna, domin ƙa'idar ba ta yarda a kauce da fiye da kashi 5 cikin 100 ba, ma'ana rawaya ta tsaya tsakanin 11.4 da 12.6. Har bayan haka ma akwai wanda zai auna daidai yana shi kaɗai, amma da an ɗora masa nauyin sassa sai ya durƙushe, shi ya sa gwani ba ya rabuwa da lafiyayyen fawa fak na gwaji. Ina kuma yi wa almajiran sana'a kashedi mai tsanani da kada su buɗe cikinsa, saboda manyan kafasitocinsa suna riƙe wuta mai iya halakarwa ko bayan an cire shi daga bango. Maɓallin gaba shi ma yakan mutu, ana kuwa gane haka ta hanyar haɗa ƙafafunsa biyu na kan bod da bakin sukundireba.

Wadda fankokinta ke juyawa babu hoto, ita ce fagen da ake bambanta mai ilmi da mai kirdado. Tun kwamfutar IBM ta 1981, kowace kwamfuta irin wannan takan binciki sassanta da kanta kafin ta nuna komai, idan ta sami illa sai ta faɗa da 'yar ƙara. Galibi gajera ɗaya alamar lafiya ce, a tsarin kamfanin Award kuwa doguwa ɗaya da gajeru biyu suna nuni ga sashen hoto, amma da yake AMI da sauransu kowa da nasa lissafi, sai a koma ga littafin bod ɗin. Akwatuna da yawa na yanzu ba su zuwa da 'yar lasifikar da ke yin wannan ƙara, sai mai gyara ya tanadi tasa. Wasu sababbin bod kuma ƙananan fitilu suke kunnawa a madadinta. Ga wani ƙiyasi da nake matuƙar so: a zare ram gaba ɗaya a kunna, idan bod ya yi kukan rashinsa, to wannan kuka hujja ce mai ƙarfi cewa shi da furosesa suna raye. Daga nan sai a goge ƙafafun ram da magogin fensir, a hure ƙurar hunturu da ta cika raminsa, a mai da shi sanda ɗaya ɗaya har a ji ya zauna ƙas. Sharaɗi shi ne kada a canza abu biyu a lokaci guda, domin in ta tashi ba za a san wanne ne sababi ba, a kuma riƙa taɓa ƙarfen akwati kafin a taɓa sassa, musamman lokacin hunturu da busasshiyar iska ke tara tartsatsi a jikin mutum. Kada a manta da ƙaramin filogin furosesa mai ƙafa 4 ko 8, da wayar monita da akan soka a ramin bod alhali akwai katin hoto, da kuma ɗan batirin nan CR2032 mai bolt 3, wanda cire shi na ɗan lokaci kan mai da saiti yadda ya zo daga kamfani.

Idan tana tashi ta mutu bayan daƙiƙu kaɗan, a tuhumi zafi, a duba fankar furosesa da man da ke ƙarƙashinta ko ya bushe. Sai bayan duk wannan ne za a fito da bod a ɗora a kan kwali, da furosesa da ram ɗaya da fawa fak na gwaji kaɗai, a dubi kafasitocinsa ko kansu ya kumbura ko ya tsattsafo da wani abu ruwan ƙasa, cutar da ta yi yawa a kayan farkon shekarun 2000, in har yanzu shiru ne, to a lokacin ya halatta a ambaci sunansa.

Amma wadda ta nuna tambari ta tsaya, mafi yawa lamarin had disk ne ko wayarsa, kuma a nan aikin ya tashi daga gyaran ƙarfe ya koma riƙon amana, domin a cikinsa ne lissafin ɗan kasuwa da kundin ɗalibi suke. Idan aka ji yana ƙwas-ƙwas a kai a kai, a kashe nan take, saboda kowane kunnawa na iya ƙara ɓarna, a sanar da mai ita halin da ake ciki, a fara ƙoƙarin kwashe masa takardunsa zuwa wani wuri, kuma kada a kuskura a yi fomatin sai da izininsa bayyananne.