Jawabin Shugabar Makaranta a Bikin Yaye Ɗaliban Nazare

 

Mai girma Hakimi, ranka ya daɗe. Dagaci da masu unguwanni, Allah ya ja zamaninku. Malam Liman, Allah ya gafarta Malam. Wakilin Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma, shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, iyayenmu mata da maza, abokan aikina malamai, da ku 'ya'yana da kuka sha kwalliya a sahun gaba, assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Yau muke yaye yaran da suka kammala nazare, waɗanda za su shiga aji ɗaya na firamare idan an dawo hutu. Muna godiya ga Allah da ya nuna mana wannan rana lafiya, muna godiya gare ku da kuka ba mu amanarsu tun bakinsu bai gama buɗewa ba.

Tunda ba kullum muke samun iyaye maza da mata a zaune wuri guda ba, zan amsa tambayar da aka fi yi mini a ƙofar ofis. Uba zai zo ya ce, "Malama, littafin yaron nan bai cika ba, ba a ba shi aikin gida, ga ɗan maƙwabcina yana ƙirga ɗaya zuwa ɗari da Turanci." Tambaya ce ta mai kishin ɗansa, kuma ta cancanci amsa. Ku gwada wannan a gida: ku ce wa yaron da ke rera ɗaya zuwa ɗari ya kawo cokali bakwai. Sau da yawa zai kawo biyar ko ya ɗebo duka. Ya haddace sautin, bai san adadin ba. Mu a nan murafen kwalba muke zuba musu da 'ya'yan dabino, yaro ya taɓa kowane ɗaya yana ƙirgawa, ya raba wa abokansa uku-uku, ya ga da idonsa cewa saura biyu. Idan kuka ga rigarsa ta dawo da laka, to gini ya yi, kuma yatsun da suka murza laka, suka yaga takarda, suka zura zare a duwatsun wuya, su ne za su iya riƙe fensir ba tare da gajiya ba. Sun koyi jiran layi, da wanke hannu kafin abinci, da faɗin "ina jin fitsari" kafin abin ya faru, da ba da haƙuri idan sun yi laifi. Malamin aji ɗaya ya san darajar waɗannan.

Ba mu muka ƙirƙiro wannan hanya ba. Tun 1840 Friedrich Froebel ya kafa makarantar ƙananan yara a Jamus bisa wasa da waƙa da shuka, a 1907 kuma likita Maria Montessori ta buɗe tata a wata unguwar talakawa ta birnin Rum, inda yara ke koyo da abin da hannunsu ke taɓawa. Kakanninmu ba su ji labarinsu ba, amma carafke ƙirga ce, dara lissafi ce, motar kara aikin injiniya ne.

Sai maganar harshe, kuma a kanta ba na sassautawa. Akwai gidajen da aka fara hana yaro Hausa wai don Turancinsa ya fita. Ina roƙonku ku daina. A 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a koyar da ƙananan yara da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsu. A 1970 Farfesa Babatunde Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara wani gwaji: aka koyar da wasu yara dukkan darussan firamare da Yarbanci har shekara shida, Turanci kuwa aka koyar da shi a matsayin darasi guda. Da aka auna, yaran nan ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin kansa, a wasu darussan ma sun fi su. Yaron da ya iya ba da labari da Hausa, ya san farkonsa da tsakiyarsa da ƙarshensa, ya iya cewa "saboda" da "amma" da "da a ce", to ya riga ya mallaki tunanin, Turanci kalmomi kawai zai ƙara masa. Muna koya musu Turanci kuma za su iya shi, da yardar Allah.

Yanzu ga inda nake son iyaye su buɗe kunne. Yaron nan sa'o'i kaɗan yake yi a hannunmu, sauran yinin da daren naku ne. A birnin Kingston na ƙasar Jamaika, a shekarun 1986 da 1987, wata likitar yara mai suna Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta sun zaɓi yara 'yan wata 9 zuwa 24 daga gidajen talakawa, waɗanda suka tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Wasu daga cikinsu aka riƙa tura musu ma'aikaciyar lafiya sau ɗaya a mako har shekara biyu. Ba kuɗi take kaiwa ba. Zama take yi da uwa ta nuna mata yadda za ta yi wa ɗanta hira, ta faɗa masa sunayen abubuwa, ta yaba masa idan ya yi ƙoƙari, su yi wasa da kayan da aka haɗa da tarkacen gida. Bayan shekara ashirin aka sake neman yaran, sun zama manya. Sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna abin da waɗanda aka ziyarta suke samu a wajen aiki ya ɗara na waɗanda ba a ziyarta ba da kusan kashi 25 cikin 100. Iyayen nan ba masu hali ba ne, ba kuma masu zurfin karatu ba.

Don haka uwar da ke ce mini "ni ban yi boko ba, me zan koya masa?", Hajiya, kina da abin koyarwa. Idan kina tsintar wake, ba shi nasa a faifai ya ware masu ƙwari. Idan kina awo, ya ƙirga gwangwani nawa ke cika mudu. Tambaye shi wace tukunya ce ta fi girma, wane zane ne ja. Da dare ki yi masa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ki tsaya a tsakiya ki ce, "Kai a ganinka me Gizo zai yi?" Gobe shi ya maimaita wa ƙanwarsa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, malamai mata da ake kira jaji ta riƙa turawa ƙauyuka suna karantar da mata, domin ta san ilimin da ya shiga hannun uwa ya shiga gida.

Iyaye maza, ku gafarce ni, kuɗin makaranta ba shi ne ƙarshen aikinku ba. Riƙe hannun ɗanka zuwa masallaci ko gona ko shago, ka amsa tambayoyinsa, ko sun kai goma. Kalmar "ka cika surutu" ta kashe bakin yara masu yawa. Na san al'adarmu ta kunyar ɗan fari, kuma ba na raina ta. Amma ko ba za a kira sunansa ba, a yi masa magana, kaka da gwaggo da kawu su ma su sa hannu.

Waya kuwa, a rage. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ita ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban waya ko talabijin, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Ta ce ɗan shekara uku zuwa huɗu yana bukatar barcin awa 10 zuwa 13. Muna gane yaron da ya kwana kallo tun a layin safe. Kuma a taimaka a ba su ko koko da ƙosai kafin su fito.

Ranka ya daɗe, da kai da wakilin Sakataren Ilimi, ina da koke guda. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe. Amma har yanzu a makarantu da yawa malamin da aka rasa inda za a kai shi ake tura wa ajin nazare. Wannan aji ƙwararru yake bukata, da tabarmi, da inuwa, da ruwa, da ban-ɗaki daidai tsawon yara. A isar mana da wannan saƙo.

Malamai da masu raino, kun share hawaye da majina, kun wanke abin da ba a faɗa a taro, ba ku taɓa ɗaga bulala ba. Allah ya saka muku da alheri, ya shirya muku naku.

'Ya'yana, ku miƙe tsaye. Ku juya ku dubi Mama da Baba, ku ce musu "mun gode". Madalla! Yanzu kun girma, za ku tafi aji ɗaya. Duk abin da ba ku gane ba, ku ɗaga hannu ku tambaya. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku ilimi mai amfani.

Malamar aji za ta kira sunaye ɗaya bayan ɗaya, duk wanda aka kira ya fito tare da mahaifinsa ko mahaifiyarsa. Ina roƙon Mai girma Hakimi ya taso ya miƙa musu takardun shaida, daga nan Malam Liman ya rufe mana da addu'a.